Neman ido da katin soja

Laraba, 15 ga Janairu, 2025

Yau ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Tun da na yi ritaya a 2019 ban taɓa fashin zuwa dandalin Tafawa Balewa ba, bana ma na je da hulata da lambobina a ƙirji. An ajiye furanni, an busa bigila, aka saki fararen tattabaru. Na ji ƙarar fukafukansu, na ɗaga kai, ban ga komai ba sai farin hazo. Muna fitowa wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Samanja, ba gaisuwa?" Sai da ya faɗi sunansa na gane shi, mutumin da muka kwana rami ɗaya a Laberiya. Na ba shi haƙuri, na ce rana ce ta kashe mini ido. Ba rana ba ce. Shekara biyu ke nan idona na dama yana dushewa, na hagu ma ya fara bin sahu.

Da na dawo Agege na kira 'yata Sadiya na ce ta ɗauko wayarta. Ni nake faɗa, ita take rubutawa. Na shiga soja a Zariya a 1984, na yi shekara 35 cikin kaki, na je Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Ina da katin inshorar lafiya na sojoji, yana cikin jakar takarduna shekara biyar ban taɓa nuna wa kowa shi ba. Irina suna da yawa a nan Agege, da Idi-Araba, da Obalende, da Mile 12. Na yi niyyar in bi hanyar katin nan har a yi mini aikin ido, in kuma rubuta duk abin da na tarar.

Talata, 21 ga Janairu

Na je asibitin bariki da sassafe, Sadiya tana riƙe da hannuna wajen tsallaka titi. Yaron da ke ɗakin kati, kofur ne, ya duba kwamfuta ya sake dubawa, ya ce, "Yallaɓai, sunanka ba ya cikin namu." Raina ya ɓaci, na zaci an share ni ne. Ya ce in zauna, ya yi mini bayani a tsanake.

Inshorar sojoji, masu aiki da masu ritaya, tana hannun kamfanin DHML, shi kuma yana tafiya bisa tsarin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda a da ake kira NHIS, ta koma NHIA bayan dokar 2022. A tsarin, kowane mai kati yana da asibiti guda da aka rubuta masa a matsayin na farko. Can zai fara zuwa, can ake sa ran ganinsa. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, likitan wurin ne zai rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti, sannan a nemi lambar izini daga kamfanin kafin ƙwararru su taɓa mutum da sunan inshora. Wanda ya tsallake matakin farko ya faɗa babban asibiti kai tsaye, in ba ciwon gaggawa ba, yana iya ganin an ce ya biya daga aljihunsa.

Ni kuwa asibitina na farko yana Kaduna. Ni na zaɓe shi da hannuna lokacin cike takardun sallama, don a raina ina gama kwas ɗin wata shida a cibiyar Oshodi, inda na koyi kiwon kaji, zan kwashe iyali mu koma Arewa. Sai karatun yara da sana'ar uwargida suka riƙe mu. Legas ba ta rasa asibitocin soja ba: akwai na 68 a Yaba, akwai na Ikoyi, na ruwa suna da nasu a Ojo, na sama a Ikeja. Ga su kewaye da ni, sunana kuma yana can nesa. An ba ni fom na sauya asibiti, aka ce in haɗo da hoto da kwafin takardun shaida.

Litinin, 27 ga Janairu

Mun zazzage jakar takardu a kan tabarma. Takardar sallama, katin ritaya, takardun fansho, katin ɗan ƙasa. Sadiya ce ta lura: a takardun soja sunana Mohammed, a katin ɗan ƙasa Muhammadu, sunan mahaifina ma harafi ɗaya ya bambanta. Ranar da na je yin katin ɗan ƙasa na faɗi sunan yadda ake kirana a gida, ban kawo komai a raina ba. A wurin kwamfuta mutum biyu ne. Sai na yi takardar rantsuwa a kotu cewa duka ni ne.

Cikin takardun na ci karo da wani tsohon katin asibiti na 2002, kuma sai aka yi dace yau 27 ga wata. Rana irin ta yau, ranar Lahadi da yamma, rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama da wuta. Ina cikin barikin da iyalina. Mun gudu babu takalmi, Sadiya ba a haife ta ba, yayanta yana goye. Mutum fiye da dubu suka rasu, akasarinsu ba wuta ce ta ci su ba, cikin gudu suka afka magudanar ruwan Oke-Afa. Tun ranar kunnena na hagu yake ƙugi. An duba ni sau ɗaya, aka ce in dawo, ban koma ba. A lokacin gani nake duk wanda ya fita da ransa ba shi da bakin kukan kunne.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na kai fom da takardar rantsuwa tun makon jiya. Yau na leƙa, sunan bai fito ba tukuna.

Da yamma maƙwabcina ya shigo da shawara. Wai akwai wani mai magani da yakan zo Zango daga Arewa, yana cire yanar ido a zaune, ba layi ba kati. Ya ce, "Baba Soja, me zai sa ka wahalar da kanka?" Na yi masa godiya. Ban ce masa komai ba, amma na tuna Baba Kofur, dattijon da ya yi yaƙin basasa, wanda ke zama a ƙofar masallacinmu. Irin wannan aikin aka yi masa a ido biyu. Ya ce ya ga haske na 'yan kwanaki, daga nan ciwo ya taso, yanzu jikansa ke ja masa sanda.

Talata, 25 ga Fabrairu

Suna ya fito. An buɗe mini fayil, na ga likita.

Na shiga da maganar ido kawai. Likitar, matashiya ce mai anini uku, ta haska idon ta ce yana ce, ta kuma nuna sosai a dama. Ta gyara mini wata fahimta da na daɗe da ita. Ni a zatona yana wata fata ce da ke rufe ido daga waje. Ta ce a'a, ƙwayar da haske ke ratsawa a can cikin ido ce take yin fari, ba kuwa maganin ɗigawa ko tozali da zai wanke ta. A tiyata ana cire ƙwayar ne a sa ta roba a gurbinta. Masu yi a gargajiyance kuwa tura ta suke yi da tsinke ta faɗa cikin idon, shi ya sa mutum yakan ga haske da farko, daga baya kumburi ko hawan ruwan ido ya kashe ganin gaba ɗaya.

Sai ta sa aka auna jinina: 170 bisa 100. Aka soki yatsa, ban karya ba, suga ya nuna 240. Ta ce wanda bai ci komai ba, in awonsa ya kai 126 ana maganar ciwon suga ne. Ta tambaye ni ko ina yawan fitsarin dare da ƙishirwa. Na ce ƙalau nake. Sadiya ta ce, "Baba, ka faɗa mata gaskiya, sau huɗu kake tashi." Na ji nauyi, amma yarinyar ta yi daidai.

Wannan wurin nake so 'yan'uwana tsofaffin sojoji su tsaya su ji. Shekara 35 ana koya mana cewa in babba ya tambaye ka yaya kake, amsa ɗaya ce. Mai yawan zuwa layin marasa lafiya da safe, raggo ake ɗaukarsa, mai gudun fareti. Wannan tarbiyya ta yi mana rana a daji, ita ta sa muka yi tafiyar kwana da kwanaki da ƙafa a kumbure. A gaban likita kuwa cutar da mu take yi. Ga kuma anini a kafaɗarta, jikina da kansa ya miƙe, bakina ya ba da amsar da ya saba. Likita ba ta da abin aiki sai abin da ka faɗa mata, ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi.

Hukuncinta: ba za a taɓa idon ba sai suga da jini sun sauka, don rauni ba ya saurin warkewa a jikin mai suga, ƙwayoyin cuta kuma sun fi samun wurin zama. An ɗebi jini don gwajin da ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku da suka wuce. An rubuta mini metfomin na suga da amlodifin na hawan jini. Na samu ɗaya a ɗakin magani, ɗayan aka ce ya ƙare, na saya a kemis. Wanda ya san farashin magani kafin 2023 ya san abin da nake nufi in na ce na ji a jikina.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama ranar 1 ga wata. Sakamakon gwajin wata uku ya fito 9.8, alhali daga 6.5 ake cewa mutum yana da ciwon. Likita ta ce ba ta ba ni shawarar yin azumin bana ba, tunda yanzu aka fara daidaita magani. Ban ji ba. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ban sha azumi ba, har a Saliyo na yi shi da ruwan gora da busasshen biskit.

Na yi shida. Ranar na bakwai bayan azahar jiri ya ɗebe ni a wurin kaji, na zauna a ƙasa. Uwargida ta kawo na'urar awon da ɗana ya aiko, ta nuna sama da 300. An riga an gaya mini, in ya haura 300 ko ya yi ƙasa da 70 a karya nan take. Na karya ina hawaye.

Bayan tarawi na samu liman na gaya masa. Ya ce, "Samanja, wanda ya wajabta azumin shi ya yi wa marar lafiya rangwame. In ka samu sauƙi ka rama, in likitoci suka ce ciwon ba mai barin ka ba ne, ka ciyar." Ya ƙara da cewa karɓar rangwamen ma biyayya ce. Wannan kalmar ta shige ni, don biyayya ita na sani.

Abinci ya canja. An rage mini tuwo da burodin Agege da na saba karyawa da shi, shayi babu sukari, an ƙara wake da ganye. Da asuba ina zaga unguwa na rabin awa tare da ƙaramin ɗana.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi. Yau awon safe 150, jini 140 bisa 90. Likita ta rubuta takardar turawa zuwa sashen ido na babban asibiti, ofishin inshora na asibitin ya aika neman lambar izini. Kofur ɗin nan ya ba ni shawarar da ta fi kowace amfani: in yi kwafin kowace takarda kafin in miƙa ta, in kuma rubuta rana da sunan teburin da na ajiye ta. Sadiya ta sayi fayil mai roba, tana kuma ɗaukar hoton komai a waya.

Laraba, 16 ga Afrilu

Lamba ta fito ranar Juma'a. Yau muka je babban asibitin, ba zan kira sunansa ba. Mun bar gida kafin a kira assalatu, duk da haka mun tarar da mutum fiye da talatin a benci. Wajen sha ɗaya aka ce na'urar da ke auna girman ƙwayar robar da za a sa wa mutum ta lalace, a dawo bayan mako uku. Mutane suka fara watsewa. Ni ma na miƙe, don an ba da umarni.

Sadiya ta ce, "Baba, tsaya. Lambar nan da aka ba mu, za ta kai mako uku?" Ban taɓa tunanin haka ba. Muka koma teburin. Ma'aikacin bai ɗago kai ba, ya ce in je in tambayi waɗanda suka ba ni. Na tsaya a gabansa ban motsa ba, na ce da shi cikin ladabi, shekara 35 na yi wa ƙasar nan aiki, ba roƙo na zo ba, tambaya nake yi, kuma zan jira amsa. Wata babbar nas da ke wucewa ta ji, ta karɓi takardar ta karanta. Ta ce lambar ta ganin likita ce da gwaji kawai, tiyata tana buƙatar tata daban, kuma gara a fara nemanta da zarar an sa rana. Ta rubuta mini abin da zan kai ofishin inshora. Da mun tafi da aka ce a tafi, da sai ranar aiki za mu ji wannan labari.

A mota na yi ta juya abin. Ban ɗaga murya ba, ban zagi kowa ba, amma ban taɓa tsayawa haka a gaban tebur ba. Kullum gani nake kamar alfarma ake yi mini, mai neman alfarma kuwa ba ya tambaya ta biyu.

Laraba, 7 ga Mayu

An gyara na'ura, an auna ido biyu. An ɗiga mini maganin buɗe ido aka leƙa bayansa, don suga yakan lalata jijiyoyin can ciki, in kuwa sun lalace cire yana ba zai dawo da gani sosai ba. A hagu likitan ya ce bai ga ɓarna ba. A dama yanar ta yi kauri, ba a iya hangen bayan da kyau sai an cire.

Laraba, 28 ga Mayu

Gwajin wata uku ya sauko 7.6. An sa ranar aiki, 17 ga Yuni, bayan babbar sallah. An aika neman lamba ta biyu yau ɗin nan.

Akwai abin da ya faru a ɗakin likitar bariki da na yi ta shawara ko in sa a rubuta. Na ce Sadiya ta rubuta, ita ma yau ta fara ji. Likitar ta ce jinina yana sauka amma ba yadda take so ba, ta tambayi barcina. Na buɗe baki zan ba da amsar da na saba, sai na fasa. Na gaya mata ba fitsari kaɗai ke tashina ba. Ina Freetown a watan Janairun 1999 lokacin da 'yan tawaye suka shigo gari. Abin da na gani a titunan nan, musamman yara, ban taɓa faɗa wa ko uwargida ba. Shekara 26 ke nan yana zuwar mini cikin dare. In aka harba abin wasan wuta a unguwa lokacin Kirsimeti, sai in tsinci kaina a bayan ƙofa. Uwargida ta san ina firgita, takan tofa mini addu'a ta yi shiru.

Likitar ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce wannan ciwo ne sananne a wurin waɗanda suka ga yaƙi, yana da masu duba shi, kuma rashin barci yana hana jini sauka. Ta ce ba hauka ba ne. Na san dalilin da ya sa ta faɗi haka, don a Legas in aka ce an kai mutum ɓangaren hagu na Yaba, inda asibitin masu taɓin hankali yake, kowa ya san abin da ake nufi, mu kuma muna tsoron wannan suna fiye da harsashi. Ta ce za ta rubuta mini takardar ganin likitan ƙwaƙwalwa. Na ce ta bari a gama da ido. Ta ce to, amma ta rubuta a fayil, kuma za ta tambaye ni. Ta haɗa da takardar duba kunne.

Talata, 17 ga Yuni

Sadiya ce ke rubuta wannan da kanta. An shiga da Baba ƙarfe goma saura, an fito da shi kafin sha ɗaya. Ba a sa shi barci ba, idon kawai aka kashe. Lamba ta biyu ta fito tun kafin sallah, ba a karɓi kuɗin aiki ba. Maganin ɗigawa iri biyu ne, ɗaya mun samu a nan, ɗaya mun saya a waje. Yana kwance da bandeji, ya ce a gaya wa Mama ta daina kuka.

Laraba, 18 ga Yuni

An cire bandeji da safe. Abin da na fara gani hular nas ce, fara fat, har sai da na runtse. Na juya na ga Sadiya. Shekara biyu ina ganinta kamar ta bayan labule, ashe ta rame, ashe tana da ɗan tabo a goshi da ban san da shi ba. Likita ya leƙa bayan idon ya ce suga bai yi ɓarnar da ake tsoro ba.

Dokoki: kada ruwa ya shiga idon, kada in murza, kada in ɗauki kaya mai nauyi, in kwana da murfin roba. Ya ce in dakata da sujada zuwa lokacin da zai ba ni izini, don haka a kujera nake sallah ina nuni, wajen alwala kuma ina kiyaye gefen idon. Wannan karon ban yi gardama ba. Wurin kaji ma an hana ni saboda ƙura, yara ke kula da su.

Talata, 8 ga Yuli

Mako uku da aiki. Na karanta layi na biyu daga ƙasa a allon gwaji. An ce sai bayan mako shida za a auna mini tabarau na karatu, sannan a yi maganar idon hagu, wanda zai buƙaci sabuwar takarda da sabuwar lamba. Awon safe yau 128. Wannan shafin ni na rubuta shi da biro, Sadiya ta kwafe.

Mutumin da ya dafa kafaɗata a dandalin Tafawa Balewa ya zo duba ni ranar Juma'a daga Ojo. Muna hira na lura sau uku yana fita bayan gida, yana dawowa yana cije baki. Na tambaye shi, ya ce ƙalau yake. Na ce, "Sajan, ni ma haka na ce." Ya yi shiru, can ya ce fitsari ne ba ya fita sai da ƙyar, wata takwas ke nan, katinsa kuma bai san inda aka rubuta masa asibiti ba. Na ce ya zo da jakar takardunsa gaba ɗaya ranar Lahadi, Sadiya za ta duba sunayen harafi da harafi, Litinin mu je wurin kofur tare.

Takardar likitan ƙwaƙwalwa tana cikin fayil mai roba. Likitar bariki ta tambaye ni yau kamar yadda ta ce za ta yi. An ba ni ranar 24 ga wata, ƙarfe tara. Uwargida ta ce ita za ta raka ni.